Ƙafar Doki a Iyakar Gobir: Tarihin Jinyar Ciwon Gaɓa a Sabon Birni da Isa

A watan Oktoba na shekarar 1826, rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta sauka a bakin ganuwar Konya, garin da Gobirawa suka tattara ƙarfinsu a cikinsa bayan faɗuwar Alƙalawa. Daga cikin waɗanda suka shaida wannan rana akwai Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya rubuta abin da idonsa ya gani. Ya ba da labarin 'yan lifidi, wato baraden da aka lulluɓe su da dawakinsu da riguna masu kauri, cushe da auduga, don kada kibiya ta huda su. Nauyin kayan ya kai ga sai an tallafa wa mahayi kafin ya hau sirdi. An kai hari, ganuwa ba ta faɗi ba, runduna ta juya.

Marubuta tarihi sun adana sunayen sarakunan da suka kara a irin waɗannan ranaku. Wanda ya ɗauki barde da lifidinsa da mashinsa kuwa, tun daga gida har bakin daga, doki ne, kuma duk wannan nauyi yana sauka a kan 'yan gaɓoɓin da ba su fi dunƙulen hannu girma ba. Bayan kowace fita, aikin farko na mai kula da barga shi ne ya kwance kaya, ya bi ƙafafun nan huɗu da tafin hannunsa yana neman inda ya yi zafi ko ya kumbura. Abin da ya tarar shi ke nuna ko ubangidansa zai sake fita a wannan rani.

Tarihin jinyar gaɓar doki a wannan yanki, daga ƙarfen lalas zuwa allurar likita, abu guda yake koyarwa. Gaɓar da ta soma cinyewa ba ta komawa yadda take. Iyakar abin da magani ke yi shi ne rage zafi da jinkirta lalacewa, kuma amfanin kowane magani ya rataya a kan ko mai doki zai iya barin dokinsa ya huta yadda ya kamata. A Sabon Birni da Isa, samun wannan hutu ya danganta da zaman lafiyar ƙasa fiye da gwanintar mai magani.

Abin da ke faruwa a cikin gaɓa

A inda ƙashi biyu suka haɗu, kan kowannensu yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi, a cikin wata jaka mai ɗauke da ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa. Wannan ruwa shi ke hana ƙasusuwan gugar juna, shi ne kuma ke ciyar da guringuntsin, domin babu hanyar jini da ke shiga cikinsa. Nan ne tushen matsalar. Idan fata ta yanke, jini yakan kawo mata kayan gyara, amma guringuntsi ba shi da wannan gata. Tun a 1743 likitan Birtaniya William Hunter ya rubuta cewa guringuntsin da ya lalace ba ya farfaɗowa, kuma har yau ilimin likitanci bai rushe maganarsa gaba ɗaya ba.

Idan doki ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa, ko ya gurɗe, fatar cikin jakar takan kumbura ta riƙa fitar da sinadarai masu narkar da guringuntsi. Ruwan gaɓa ya tsinke ya rasa yauƙinsa. A hankali guringuntsi ya zaizaye, ƙashi ya soma gugar ƙashi, jiki kuma ya tsiro da sabon ƙashi a gefen gaɓar don ya tallafe ta. Shi ne ƙullutun nan mai tauri da ake gani a ƙafar tsohon doki, ko dai a saman kofato ko a gefen ciki na gaɓar tsakiyar ƙafar baya. Wannan shi ne amosanin gaɓa, kuma ƙiyasin da likitocin dabbobi suka fi ambata shi ne yana da hannu a kusan kashi 60 cikin 100 na ɗingishin dawaki.

Masu doki sun san alamunsa tun kafin a san dalilinsa. Doki yakan bar turke da safe yana takawa a sandare, ya ɗan sake bayan an yi tafiya kaɗan. Takunsa ya gajarce, ya riƙa ƙin juyawa gefe ɗaya. Idan ciwon a ƙafar gaba yake, sai ya riƙa ɗaga kai duk lokacin da ta taɓa ƙasa, don ya rage mata nauyi.

Akwai nau'i na biyu mai saurin kisa. Idan mashi ko kibiya ko ƙaya ta huda jakar gaɓa, ƙwayoyin cuta sukan shiga, cikin 'yan kwanaki gaɓar ta cika da mugunya, doki ya kasa sa ƙafa ƙasa. A zamanin da babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wuya dokin da ya sami irin wannan rauni ya sake ɗaukar sirdi.

Ƙasar da ta dogara da kofato

Gobirawa sun san doki tun kafin su sauko kwarin Rima. Tarihinsu na baka ya ce sun zauna a Azbin, suka gangaro kudu ta Birnin Lalle, har Sarkin Gobir Babari ya ci Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, Alƙalawa ta zama babban birninsu a bakin gulbi, ba nisa da inda Sabon Birni take a yau. Zumuncinsu da Azbinawa ya buɗe musu hanyar samun dawakin arewa, ciki har da bagazam, wanda ya ɗauki sunansa daga duwatsun Bagazam na ƙasar Azbin. Ta gabas kuma, daga Borno, manyan dawaki masu jinin Dongola ke shigowa ƙasar Hausa. Doki mai kyau babbar dukiya ce. A farkon ƙarni na 16 matafiyin nan Hasan al-Wazzan ya ruwaito cewa a Borno ana ba da bayi 15 zuwa 20 a kan doki ɗaya da fatake suka kawo daga Arewacin Afirka. Wanda ya biya irin wannan farashi ba zai ga ɗingishi ya kau da kai ba.

Ƙasar kanta fuska biyu gare ta ga ƙafar doki. Tudun yashi yana da taushi, shi ya sa dawakin ƙasar Hausa suka yi ƙarnoni suna aiki ba tare da takalmin ƙarfe ba. Fadamun Rima da Bunsuru da Gagare kuwa laka ce mai kama ƙafa da damina, da rani kuma ta bushe ta tsattsage, sawun shanu ya daskare a cikinta ya zama ramuka. Lokacin yaƙi shi ne rani, bayan an kai amfani gida, wato daidai lokacin da ƙasa ta fi tauri. Ga kuma dajin Gundumi marar ruwa, wanda ayari kan ratsa cikin tafiyar yini da dare ba hutu saboda tsoron mahara, kamar yadda Clapperton ya dandana a 1824, Heinrich Barth kuma a 1853.

Salon hawa ma yana da nasa rabo. Linzamin ƙasar Hausa mai ƙarfi ne, yana ba mahayi damar tsayar da doki nan take daga tsakiyar sukuwa, dokin ya zauna a kan ƙafafun baya ya yi zamiya. A fagen fama wannan dabara tana ceton rai, a fagen hawan salla tana ƙayatarwa, amma kowace tsayawa irin wannan tana dukan gaɓoɓin ƙafar baya.

A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki masu yawa da 'yan lifidi da mataimaka Azbinawa, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa dawakinsu ba su wuce kimanin 20 ba. Maharba masu baka ne suka ci wannan yaƙi. Duk da haka, waɗanda suka yi nasara da kibiya ba su daɗe ba suka mayar da doki ginshiƙin rundunarsu, domin ba a tsare daula mai faɗi da tafiyar ƙasa. Alƙalawa ta faɗi a 1808. A 1836 Muhammadu Bello ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa a Gawakuke, waɗanda suka tsira daga Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Sakkwato ta jera garuruwan ribaɗi a kan iyaka, Isa ta zama ɗaya daga cikinsu, a hannun zuriyar Bello masu riƙe da sarautar Sarkin Gobir. Wajen 1860 kuma Ɗan Halima ya balle daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni da yardar Sakkwato, ko da yake amincin bai hana rikici sake tashi ba daga baya.

Rayuwar iyaka rayuwar shiri ce a kowane lokaci. Ba a iya sakin ingarman yaƙi ya yi kiwo a daji, don mahara na iya kore shi, kuma ana iya bukatarsa da tsakar dare. Saboda haka yakan yini ɗaure a turke a cikin gida, a kawo masa ciyawa da hatsi, in an buga kuge a ɗaura masa sirdi a zabure shi. Doguwar tsayuwa sannan gudu na farat ɗaya yana daga cikin mafi munin tsari ga gaɓa, domin guringuntsi motsi ne ke shigar masa da abinci, kamar soso da ake matsawa a saki. Al'adar kilisa da yamma ta rage wannan illa, ko da yake masu yin ta ƙarfin doki da ladabinsa suke nema.

Maganin barga

A fadar sarakunan Hausa kula da dawaki sarauta ce mai zaman kanta, ta Shamaki, da bayi da barori a ƙarƙashinsa. Ilimin jinya yana hannun irin waɗannan mutane da makiyaya da dillalan dawaki, ana gadonsa baki da baki. Matakansa sun bi tsananin ciwo.

Matakin farko shi ne a sauke sirdi, a gasa wurin da ruwan ɗumi, a shafa man shanu ko man kaɗe a murza. Idan kumburi sabo ne mai zafi, tsayar da doki a cikin ruwan gulbi yakan kwantar da shi. Likitancin yau bai ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba: sanyi yana rage sabon kumburi, ɗumi yana sassauta tsohuwar gaɓa da ta sandare. Rauni kuma akan wanke shi a barbaɗa masa garin bagaruwa, wanda ke busar da miki.

Idan kumburi ya ƙi sauka, akan kai ga sakiya, a huda a fitar da ruwa. A kan ƙurji ko maruru wannan daidai ne. A kan gaɓa kuwa kasada ce babba, domin ƙarfen da ya huda jakar yakan shigar da ƙwayoyin cuta, ciwo mai tafiyar hawainiya ya koma mai kisa.

Mataki na ƙarshe shi ne lalas. A sa ƙarfe a wuta ya yi ja, a kayar da doki a ɗaure, a ja layuka ko a ɗiɗɗiga a kewayen gaɓar. Wannan magani ba na Hausa kaɗai ba ne. Yana cikin littattafan likitancin dawaki na Larabawa, irin na Ibn Akhi Hizam a ƙarni na 9, da na Abubakar al-Baiɗar, likitan bargar Sarkin Masar al-Nasir Muhammad a ƙarni na 14. Hadisai sun ambaci ƙuna da wuta cikin hanyoyin magani tare da nuna rashin son a yi gaggawar zuwa gare ta. Turawa ma, waɗanda suka kafa makarantar likitan dabbobi ta farko a birnin Liyon na Faransa a 1761, sun ci gaba da ƙona ƙafafun dawakin sukuwa har ƙarshen ƙarni na 20. Hujjar kowa ɗaya ce: wai zafin waje yana janyo jini ya kori ciwon ciki.

A 1983 aka wallafa sakamakon wani bincike da aka yi a Jami'ar Bristol ta Ingila a kan ƙona jijiyoyin ƙafar doki, wanda ya nuna ƙunar ba ta gaggauta warkewa. To, me ya sa al'ummai da yawa suka yi imani da ita tsawon ƙarnoni? Dalili na farko shi ne dokin da aka yi wa lalas ba ya hawuwa sai mikin ya warke, abin da kan ɗauki makonni ko watanni. Ƙarfen ya tilasta wa mai doki abin da ba zai yi da son ransa ba, wato ya ƙyale dabbar ta huta. Dalili na biyu yana cikin halittar ƙafar baya. Ƙananan gaɓoɓin da ke ƙasan gaɓar tsakiya ba su da motsi sosai, kuma idan amosani ya cinye su, wani lokaci ƙasusuwan kan manne da juna su zama guda, zafi ya ragu. Duk maganin da aka yi na ƙarshe kafin wannan ya faru shi ke kwashe yabo.

A nan ne bambancin arziki ya shigo. Sarki ko babban hakimi mai dawaki da yawa yana iya ajiye ɗaya ya hau wani. Barden da doki ɗaya gare shi, wanda galibi kyautar ubangida ce a kan sharaɗin fita yaƙi, ba shi da wannan zaɓi. Muddin dokin yana iya takawa, za a hau shi. Idan ya gaza ƙwarai, sai a sauke shi daga yaƙi a mayar da shi ga tafiyar kusa ko barbarar goɗiya, ko a sayar da shi da araha.

Abinci ma yana da hannu. Dusa da hatsi suna da sinadarin fosfaras da yawa da ƙarancin kalsiyam, kuma dokin da aka cika wa su ƙashinsa yakan yi laushi, ya riƙa ɗingishin da ke ƙaura daga wannan ƙafa zuwa waccan, har a zaci amosani ne. Harawar wake da ta gyaɗa suna da wadatar kalsiyam, saboda haka barorin da suka dage sai doki ya sami harawa suna yin rigakafi, ko da ba su san sunan sinadarin ba.

Bayan 1903

Ranar 15 ga Maris 1903 bindigogi masu ruwa na Turawa suka kawo ƙarshen zamanin barade a filin Giginya na Sakkwato. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 suka ja layin da ya bar Tsibiri a Nijar, Sabon Birni da Isa a Nijeriya. Hare-haren rani suka tsaya. Ta wata fuska wannan sauyi ya amfani ƙafar doki fiye da kowane magani, domin an jingine lifidi sai ranar biki, kuma dokin da ya yi ɗingishi ana iya barinsa wata uku ba wanda zai rasa ransa a dalilin haka.

Likitancin dabbobi na Turawa kuwa da shanu ya zo. Annobar bushiya da ta ratsa ƙasar Hausa wajen 1890, wadda aka yi wa laƙabi da Sannu, ta nuna yadda garke kan ƙare cikin kwanaki, kuma jangali da fatu suna cikin manyan hanyoyin kuɗin shigar gwamnati. Ɗakin binciken da aka kafa a Vom a 1924 allurar rigakafin shanu ya fi mayar da hankali a kai. Gaɓar dokin hakimi a Isa ta ci gaba da zama a hannun mutanen barga.

Aikin doki ya sauya. Ya zama abin rangadin hakimai da jami'an mulki, abin hawan salla da manyan daba irin ta Kano a 1925 da ta Kaduna a 1956, abin wasan folo, wanda gidan sarautar Katsina ya shahara da shi tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, sannan abin sukuwa. A wannan zamani ne Ibrahim Narambaɗa, makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya yi waƙar Dokin Iska Ɗan Filinge, wadda ta mayar da dokin sukuwa gwarzo kamar yadda ake wasa barade a da. Sai dai sukuwa tana da nata haraji. Gudu mai tsanani a kan busasshiyar ƙasa yana lanƙwasa gwiwar gaba da gaɓar saman kofato fiye da kima, har ɗan ɓalli ya tsage daga gefen ƙashi ya zauna cikin gaɓa yana gugar ta. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, motoci suka biyo baya, sannan keke da babur, har doki ya fita daga sahun abin sufuri ya zauna a na alfarma.

Kwalba da allura

Magungunan da suka sauya jinyar gaɓa sun bayyana ne a tsakiyar ƙarni na 20. Fenilbutazon ya shiga kasuwa a 1949 a matsayin maganin amosanin mutane, ba da jimawa ba ya zama maganin zafi mafi yaɗuwa ga dawaki a duniya. Yana da araha, yana aiki cikin sa'o'i. Ƙarfinsa na ɓoye ɗingishi ya kai ga a 1968 aka ƙwace nasarar dokin da ya ci babbar tseren Kentucky ta Amurka, Dancer's Image, bayan an gano maganin a fitsarinsa. Illarsa sananniya ce: gyambon ciki da na hanji, da lalacewar ƙoda, musamman ga dokin da ƙishirwa ta kama. A ƙasar da zafin bazara kan haura digiri 40, wannan gargaɗi ne mai nauyi. Daga baya an samar da firokoksib, wanda ya fi sauƙi ga ciki amma ya fi tsada.

Hanya ta biyu ita ce kai magani cikin gaɓar kanta. Bayan gano amfanin kotizon ga masu amosani a 1948, likitoci suka soma zuba danginsa cikin gaɓoɓin mutane, a 1955 kuma aka ba da rahoton yin haka ga dawaki. Allura ɗaya tana iya kwantar da kumburi tsawon makonni ko watanni. Yawan maimaita ta, musamman wasu nau'o'inta, yana raunana guringuntsi, ga kuma hatsarin kumburin cikin kofato ga dawaki masu ƙiba. Sinadarin hayaluronik, wanda shi ne ke ba ruwan gaɓa yauƙinsa, an gano shi a 1934, kuma wajen 1970 aka fara gwada shi a gaɓoɓin dawakin sukuwa, kafin ya yaɗu a asibitocin mutane. Duk allurar cikin gaɓa tana bukatar tsafta irin ta ɗakin tiyata. Idan babu ita, ta zama sakiya da wani suna.

Hanya ta uku tiyata ce. Tun daga shekarun 1970 da 1980 likitoci ke zura siririn madubi mai fitila ta ƙaramin rami su ciro ɓallin ƙashi, ko su wanke gaɓar da ƙwayoyin cuta suka shiga, a haɗa da maganin kashe su. Gaɓar da ba ta da motsi sosai kuma ana iya manne ta da gangan, da ƙusa da farantin ƙarfe ko da sinadari, wato a gaggauta abin da jiki kan yi da kansa. A wannan ƙarni an ƙara da magungunan da ake tacewa daga jinin dokin kansa a mayar cikin gaɓarsa. Suna rage kumburi, suna da tsada ƙwarai, kuma babu wanda ya tabbata yana mayar da guringuntsin da ya riga ya tafi.

A ƙarshe, abin da littattafan likitanci na yau suka fi nanatawa ga dokin da ya daɗe da amosani abubuwa ne da ba sa bukatar kwalba. A bar shi ya huta idan gaɓa ta yi zafi. Bayan nan a riƙa motsa shi kullum a hankali a kan ƙasa mai taushi, kada a bar shi tsaye a turke. A yanke kofato daidai don nauyi ya sauka a miƙe. A rage masa ƙiba, a rage masa kaya, kada kuma a ɗora wa dukushi aiki mai nauyi kafin ƙashinsa ya nuna. Hatsarin maganin zafi shi ne yana yin kishiyar abin da lalas ya yi. Ƙarfe yakan tilasta hutu, kwalba kuwa tana ba mai doki damar hawan dabbar da ya kamata a ce tana hutawa, musamman idan salla ta matso kuma ana son a ga kowa a sahu.

Iyaka ta sake zama iyaka

A ƙa'ida mai doki a Isa ko Sabon Birni ya fi kakanninsa gata. Akwai tsangayar likitan dabbobi da asibitinta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, akwai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai ofisoshin dabbobi na gwamnatin jiha. Matsalar ita ce hanya. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a Garki da ƙauyukan kewayenta a ƙaramar hukumar Sabon Birni. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da waɗannan biyu. A Disamban wannan shekara aka ƙone matafiya a cikin mota a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi cikin watan Agusta. Maharan yau a kan babura suke zuwa, ta cikin dazuzzukan da barade suka taɓa ratsawa.

A gefen rayukan da aka rasa, ɗingishin doki ƙaramin al'amari ne, kuma babu mai hankalin da zai daidaita su. Amma halin da doki ke ciki yana nuna halin da gari ke ciki. Inda noma ya gagara, harawa takan yi tsada, a koma cika wa dabba dusa. Inda fita bayan gari ta zama kasada, kilisa takan tsaya, ba a kai doki gulbi, yakan koma tsayuwar turke irin ta zamanin ribaɗi. Inda likita ba zai iya bin hanya ba, mai doki yakan koma ga abin da ke kusa, ko dai ƙarfen maƙeri ko kwalbar da ya saya a kasuwa ba tare da sanin awonta ba. Wasu kan sayar da dokin, wasu su kai shi birni wurin 'yan'uwa, kuma idan barga ta watse, ilimin da ake gado a cikinta yakan bi ta.

Abin da ya rage a hannun mai doki ɗaya a bayan gida bai sauya ba tun zamanin Konya. Ya bi ƙafafu da tafin hannu safe da yamma. Idan ya ji zafi, ya sauke sirdi ya kawo ruwan sanyi. Kada ya bari a huda gaɓa ko a ƙona ta, raunin da ya kai cikinta kuma ya ɗauke shi abin gaggawa. Idan ya ba da maganin zafi, ya tabbatar akwai ruwan sha, ya kuma tuna cewa tafiyar ɗingishi ba warkewar gaɓa ba ce. Sauran jinyar, wato fili mai taushi da za a zagaya da doki da yamma, da hanyar da likita zai biyo daga Sakkwato ya koma gida lafiya, tana jiran ranar da fadamar Rima za ta sake zama wurin da mutum zai iya fita da dabbarsa ya dawo.